Amsoshin Tambayoyinku: Shin Gwajin Jini Zai Iya Nuna Ko Maganin Ciwon Hanta Zai Yi Mini Aiki?

Tambaya: A 2010 an yi wa yayana allurar ciwon hanta nau'in C, duk mako sau ɗaya, har kusan shekara guda. Ya rame, gashin kansa ya zube, sai da aka sayar da gonar gado kafin a kammala, amma bayan wata shida aka ce cutar ta dawo. Kwanan baya na je asibiti ba da jini, aka ce ni ma an ga alamarta. Wani abokina mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje ya ce mini akwai gwajin ƙwayoyin gado da ke nuna wanda magani zai yi wa aiki tun kafin a fara, kuma wai mu baƙar fata ba mu cika jin maganin ba. Ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya muke. Abin da ya same shi shi zai same ni? In fara neman wannan gwaji ne kafin in zuba kuɗi a magani? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya ba yayanka lafiya, kai ma ya yaye maka. Bari in fara sauke maka nauyin da ke zuciyarka. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, gwajin akwai shi, amma labarin da ya ba ka na zamanin allura ne, kuma wannan zamani ya wuce. Maganin da za a ba ka yau ba shi aka ba yayanka ba, kuma kusan ba ruwansa da irin gadon da kake ɗauke da shi. Kada ka kashe ko sisi a kan wannan gwaji. Dalilin yana da ɗan tsawo, sai ka yi haƙuri da ni, domin shi zai nuna maka inda ya dace kuɗinka ya tafi.

Da farko ma, ba a tabbatar kana da cutar ba tukuna. Gwajin gaggawar da ake yi wa masu ba da jini ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawunta yake gani, kamar sawun kura a bakin rafi: ta bi ta nan, amma ba lalle tana nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu, jikinsu ke korar cutar da kansa cikin wata shida ba tare da magani ba, sawun kuma ya zauna a jini shekara da shekaru. Akwai gwaji na biyu mai neman ƙwayar cutar kanta da ƙirga yawanta, wanda a takardar asibiti za ka ga an rubuta HCV RNA. Sai shi ya nuna tana nan sannan ake maganar magani.

To mu koma kan yayanka. An gano ƙwayar wannan cuta a 1989, kuma sama da shekara ashirin bayan nan babu abin dogaro sai allurar intaferon, daga baya aka haɗa ta da ƙwayoyin ribabirin. Intaferon ba ta kashe ƙwayar cuta da hannunta. Sinadari ce da jikin ɗan Adam ke yi da kansa idan cuta ta shigo, aikinta irin na sanƙira ne: ta zaga gari tana shelar cewa abokan gaba sun iso, kowa ya ɗauki makami. Allurar ƙarin murya ce kawai a kan wadda jiki ke da ita. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da kasala da baƙin cikin da ke binta duk amon wannan shela ne, shi kuma ribabirin yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini har mutum ya ɗashe. Ƙwayar cutar C ita ma ta kasu nau'i-nau'i: mai nau'i na 1 sai ya yi mako 48 a haka, kuma duk da wannan wahala waɗanda ke warkewa ba su wuce kashi 40 zuwa 50 cikin 100 ba. Masu nau'i na 2 da na 3 sun fi samun sauƙi, mako 24 ne, kuma uku cikin huɗu ko fiye suna warkewa.

Ka ga dalilin da ya sa likitocin lokacin suka matsu su san gaba. Wa zai so ya jefa bawan Allah cikin shekara guda ta jinya da bashi, alhali rabi da rabi ne? Tunda kuma nasarar allurar ta dogara ga yadda mutanen gari ke amsa shela, dole a nemi amsar a jikin majinyaci.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damun likitoci a Amurka. Wani bincike da aka wallafa a 2004 ya ba baƙaƙe da farare magani iri ɗaya na tsawon lokaci ɗaya: farare kashi 52 cikin 100 suka warke, baƙaƙe kashi 19 kacal. Nan maganar abokinka ta samo asali. Ba a san dalili ba sai a 2009, lokacin da David Goldstein da abokan aikinsa a Jami'ar Duke suka binciki ƙwayoyin gadon majinyata fiye da dubu ɗaya da aka yi wa allurar.

Kowannenmu yana ɗauke da wani dogon rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, mai haruffa iri huɗu kacal, A da C da G da T, tsawonsa kimanin haruffa biliyan uku, kuma kwafi biyu ne, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A cikin wannan tarin haruffa masu binciken suka tarar da wuri guda tak, a ƙunshi na 19 cikin ƙunshi 23 da rubutun ya kasu, dab da wata ƙwayar gado da ake kira IL28B. A wurin, wani yana da harafin C, wani yana da T. Wanda ya gaji C daga uwa da uba duka, wato CC, damar warkewarsa da allura ta ninka ta mai TT kusan sau biyu. A shekarar nan dai wasu masana a Ostireliya da Japan, kowa a nasa ɓangaren, suka faɗa a kan wannan unguwa ta rubutun, wani binciken kuma ya nuna masu CC ne suka fi korar cutar da kansu ba magani. Harafin C ya fi kashi 90 cikin 100 a gabashin Asiya, a Turai ya haura rabi, a yawancin al'ummun Afirka kudu da Sahara kuwa bai kai rabi ba. Wannan bambanci shi kaɗai ya bayyana kusan rabin ratar da ke tsakanin baƙaƙe da farare.

Ina so ka riƙe wani adadi daga binciken na Duke, domin yana gyara maganar abokinka. Baƙar fata mai CC ya fi Bature mai TT warkewa, kashi 53 a kan kashi 33. Ashe ba launin fata ba ne, harafi ne, kuma harafin yana cikin kowace al'umma, yawansa ne ya bambanta. Haka nan zamanku 'yan uwa ɗaya uba ɗaya bai sa dole harafinku ya zama ɗaya ba. Idan iyayenku kowanne CT ne, wato C ɗaya T ɗaya, a cikin 'ya'ya huɗu ana sa ran ɗaya CC, biyu CT, ɗaya TT, kamar yadda ka sani a lissafin sikila kafin aure.

Abin da ya fi ɗaure kai ya zo a 2013, daga Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka. Ludmila Prokunina-Olsson da abokan aikinta sun gano cewa a maƙwabtan wancan harafi akwai wata ƙwayar gado da ba a san da ita ba, IFNL4, mai ƙera wani irin intaferon na daban. A jikin wasu mutane tana aiki, a jikin wasu ta mutu tun kakannin kakanni. Da an tambaye ka, za ka ce mai ƙarin intaferon shi ya fi kariya. Akasin haka aka samu. Wanda tasa ke aiki, kuma mafi yawan 'yan Afirka haka suke, shi ya fi kasa korar cutar. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne hantar irin wannan mutum kullum cikin ƙaramar shela take, dare da rana, wadda ba ta kai ta kori abokan gaba ba amma ta isa ta gajiyar da gari. Ranar da allura ta zo da babbar murya, sai ta tarar kunne ya riga ya saba. Wannan alama ta IFNL4 ta fi tsohon harafin IL28B daidai a jikin 'yan asalin Afirka.

Ban da gado, an kuma nemi alamu a furotin da ke yawo cikin jini, kuma wanda ya fi suna shi ne IP-10. Hanta ce ke fitar da shi idan ta kamu, don ya jawo mayaƙan garkuwar jiki zuwa wurin. Nan ma yawansa ba alheri ba ne. Masana a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin sun nuna a 2006 cewa wanda IP-10 ɗinsa ke ƙasa da pikogiram 150 a kowace mililita kafin fara allura ya fi samun nasara, wanda nasa ya haura 600 kuwa da wuya. A 2011 masu bincike a Cibiyar Pasteur da ke Faransa suka ƙara haske: a jinin waɗanda allura ba ta yi musu aiki, wani sinadari yana gutsure kan wannan furotin, sai ya zama kamar makullin da ya karye a cikin kwaɗo, bai buɗe ba kuma ya hana wani makullin shiga. Da aka haɗa awon IP-10 da harafin IL28B, hasashen ya ƙara kaifi, musamman ga masu CT da TT, domin a cikinsu ma akwai waɗanda allura za ta yi wa rana idan furotin ɗin nasu bai yi yawa ba. Akwai kuma wata ƙwayar gado, ITPA, da aka gano a 2010 cewa wani nau'inta yana kare mutum daga ƙarancin jinin da ribabirin ke jawowa.

Duk da haka babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu da ta taɓa zama hukunci. An ga masu CC da suka kasa warkewa, an ga masu TT da suka warke. Abin da ya fi su duka ƙarfi shi ne abin da jini ya nuna bayan an fara: wanda ƙwayar cutar ta ɓace masa a mako na huɗu, kowane harafi yake da shi, yawanci ya tsira, wanda kuwa a mako na 12 ba ta koma ɗaya bisa ɗari na yadda take ba, dakatar da allurar ake yi don kada ya sha wahalar banza. Ba zan iya ce maka harafin T ne ya kayar da yayanka ba, tunda nau'in cutar da yawan ta da tabon hanta da ƙiba da shekaru duk suna da nasu kason. Amma ina so ku daina zargin kanku ko shi a kan gonar da ta tafi. Da abin da ake da shi a 2010, ko a Landan aka yi masa allurar, sakamakon zai iya zama haka.

A watan Disamba na 2013 Amurka ta amince da sofosbuvir, kuma daga nan lissafin ya juye. Wannan magani da 'yan uwansa, irin su daclatasvir da ledipasvir da velpatasvir, ba shela suke yi ba. Kai tsaye suke zuwa su lalata kayan aikin da ƙwayar cutar ke hayayyafa da su. Ƙwaya ce ta haɗiya, yawanci sau ɗaya a rana na mako 12, wani haɗin ma mako 8, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 suna warkewa, baƙi da fari, mai CC da mai TT. Tunda aikin ba ya bi ta hannun mutanen gari, gajiyarsu ta daina zama abin tsoro. Ɗan tasirin da ya rage wa IFNL4 sai a inda aka gajarta kwanakin magani ake hango shi, shi ya sa ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 suka ce a yi wa duk baligi mai cutar magani, ba su kuma nemi gwajin gado ko na IP-10 ba. Waɗannan gwaje-gwaje yanzu kayan masu bincike ne, sun koya mana abubuwa masu daraja game da garkuwar jiki, amma ba su da gurbi a takardar da likita zai rubuta maka.

Kuɗin ma ya faɗi. Lokacin da kamfanin Gilead ya fito da sofosbuvir, dala 84,000 ake biya na mako 12, ƙwaya ɗaya dala dubu. A 2023 an ƙulla yarjejeniya da wasu masu yin magani da ta sa haɗin sofosbuvir da daclatasvir na mako 12 a kan dala 60 ga shirye-shiryen lafiya na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Farashin kanti ya fi haka, amma ba maganar sayar da gona ba ce kuma. Masar, wadda allurar tsargiya ta shekarun baya da sirinjin da ba a dafa sosai ba ta bar mata wannan cuta fiye da kowace ƙasa, ta gwada mutane miliyoyin gommai daga 2018, ta yi wa miliyoyi magani, har a 2023 ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba matakin zinare a hanyar kawar da cutar. Ba ta tsaya duba harafin kowa ba.

To ba a bar hasashe gaba ɗaya ba, abin dubawa ne ya sauya. Na farko shi ne halin da hantarka ke ciki. Cutar tana cin hanta a hankali cikin shekaru ashirin zuwa talatin, tana barin tabo har hantar ta taurare ta motse, kuma wanda tasa ta kai haka maganinsa na iya buƙatar ƙarin lokaci ko wani haɗin daban. Ba sai an tsaga ka ba. Daga gwajin jini na yau da kullum, na sinadaran hanta da na ƙwayoyin da ke daskarar da jini, likita yana fitar da wani lissafi da ake kira APRI ko FIB-4, inda akwai na'urar FibroScan kuma a auna taurin hantar da ita. Waɗannan su ne alamun da suka cancanci kuɗinka.

Na biyu, kuma ina roƙonka kada ka yi wasa da shi, a gwada ka ciwon hanta nau'in B kafin ka haɗiyi ƙwayar farko. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da nau'in B, nau'in C kuwa kashi 1.1, don haka haɗuwarsu a jiki ɗaya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Idan aka murƙushe C, B da ke kwance yana iya tasowa da ƙarfi ya illata hanta, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan kwalayen waɗannan magunguna a 2016. A gwada ƙanjamau ma, saboda wasu magungunansa suna sa a sauya awon daclatasvir. Sannan ka kwashe duk abin da kake sha ka kai gaban likita, har da na gargajiya. Rifampicin na tarin tibi, da carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya, suna karya ƙarfin maganin. Omeprazole da mutanenmu ke saye a kemis don olsa yana rage yadda jiki ke tsotsar velpatasvir da ledipasvir. Amiodarone na bugun zuciya kuwa haɗa shi da sofosbuvir yana da haɗari ga rai.

Na uku shi ne wanda ya fi taɓa ni, domin nan ne har yanzu zamanmu 'yan Afirka ke shiga lissafi, sai dai wannan karon gadon ƙwayar cutar ne abin dubawa, ba naka ba. An ƙera magungunan nan ne aka gwada su a kan nau'o'in da suka yawaita a Turai da Amurka, alhali Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, inda nau'i na 1 da na 2 da na 4 suka daɗe, cike suke da ƙananan rassan da ba a cika gani a can ba. A Ruwanda, wani bincike na 2019 a kan majinyata 300 ya tarar haɗin sofosbuvir da ledipasvir ya warkar da kashi 56 kacal na masu reshen 4r, sauran kuwa fiye da kashi 90. A asibitin King's College da ke Landan, a shekarar nan dai, 'yan asalin Afirka masu rassan nau'i na 1 da ba a saba gani ba, kashi 75 ne suka warke. Wasu rassan suna zuwa da taurin kai na haihuwa ga wasu magunguna. Kada wannan ya karya maka gwiwa, domin sababbin haɗe-haɗe irin sofosbuvir da velpatasvir sun nuna sun fi ƙarfinsu, wanda kuma zagayen farko bai yi masa ba akwai na biyu da aka tanada. A ganina, da kuɗin bincike zai samu a jami'o'inmu da asibitocin koyarwa, a nan ya kamata a zuba shi: a san rassan da ke yawo a Kano da Zariya da Maraɗi, a san wane haɗi ya fi cin su.

Abin da ya rage a hannunka yake. Ka sayi maganin ta hanyar asibiti ko babban kantin magani mai rajista, ka sha kullum a lokaci ɗaya, kada ka tsaya don ka ji ƙarfi a jikinka. Mako 12 bayan ƙwayar ƙarshe a maimaita gwajin HCV RNA. Idan ba a ga komai ba, ka warke, ko da gwajin gaggawa ya ci gaba da nuna sawu. Warkewa kuma ba ta hana sake kamuwa, nau'in C ba shi da rigakafi, don haka ka tafi wurin wanzami da askarka, ka nemi sabuwar reza wurin mai yankan farce, kada ka yarda da sirinjin da ba a gabanka aka ɓare shi ba. Iyalinka ma a gwada su.

Malam, ranar da za ka asibiti ka tafi da yayanka. Allurar da ta kasa a 2010 ba ta rufe masa ƙofa ba, irinsa da yawa sun warke da ƙwayoyin nan, kuma shi ya fi ka buƙatar a duba hantarsa da gaggawa saboda shekarun da cutar ta ƙara a jikinsa. Idan aka tarar ta taurare, ko bayan ya warke sai a riƙa yi masa hoton ciki duk wata shida don tsaron ciwon daji. Ku nemi ganin likitan hanta a asibitin koyarwa ko babban asibitin da ya fi kusa da ku, ku tafi da duk tsofaffin takardunsa. Allah ya ba ku lafiya baki ɗaya.